Hantar da Na Soya wa Rufas

Masu bin labarin nan, saƙonninku sun iso, an karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce ni tsohuwar banza ce mai hana jika aure. Wata ta ce in ji tsoron Allah. Ban yi fushi ba. Ku dai rage zagin, don yau za ku fi bukatarsa.

Wanda yau ya fara shigowa, ni ce Hajiya Salima, 'yar Zangon Kumasi. Shekara talatin ina sayar da abinci a Aboabo kafin ɗana ya ɗauko ni zuwa Bronx, nan ƙasar Turawa, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Ohio. Ina hawa na biyar a unguwar Highbridge, daga ni sai jikata Zalia, wadda uwarta ta rasu ta bar mini tana shekara tara. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma ba na mantuwa. Wanda ya zo gaisuwar 'yata na san shi, wanda ya aiko na san shi, wanda ya yi shiru ma na san shi. In mutum ya yi mini alheri, abinci ba ya mini daɗi sai na rama.

Mai neman Zalia sunansa Abdul-Fatawu. Dogo ne, baƙi, mai tsafta, rigarsa kullum a goge kamar yana ganinta. Da direban tasi ne, ciwon ido ya cinye ganinsa yana shekara ashirin da takwas, yanzu yana amsa waya a ofishin 'yan tasi a Morrisania. Ba makantar ce ta dame ni ba, na rantse muku. Karen ne. Wata makaranta ce ta ba shi kare mai ja masa gora, rawaya, ƙato kamar ɗan maraƙi. Sunansa Rufas, ku ji sunan kare kamar na fasto. Shi ke hau da shi bas, shi ke tsallakar da shi titi, shi ke kai shi aiki ya dawo da shi.

Ranar da ya fara zuwa gaishe ni na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kai ka shigo, surukin naka ya tsaya waje."

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai idona ne. In bar idona a waje, da me zan ga kyanki?"

"Ka gan shi da kunne."

Liman ya ce larura ce, babu laifi. Na ce liman ba shi ke goge mini ƙasa ba. Daga ƙarshe muka daidaita: karen zai kwanta a kan tsohuwar tabarma a lungun da ke tsakanin ƙofar shigowa da kicin, ba zai taka kafet ɗin falo ba. Kowa a unguwa ya ji bakina a kan karen nan. A wurin suna na faɗa, a wurin wa'azin mata na faɗa. Na ce in dai ina numfashi Zalia ba za ta tare a gidan da kare ke kwana ba.

Sai ga watan Janairu.

Wanda ya san unguwarmu ya san dogayen matakalan nan da ake bi a sauka daga tudu zuwa titin ƙasa. Ranar Talata da hantsi na fito zan je sayen kifi, ina sanye da atamfata shuɗiya, babbar rigar sanyi a kai, takalmin da Zalia ta ce in daina sawa a ƙafata. Ƙanƙara ta daskare a kan matakalar, ban lura ba. Taku na huɗu ƙafata ta tafi. Na ji ni a iska, na ga ƙasan can nesa, na fara kalmar shahada.

Fatawu na hawowa, zai kawo wa Zalia wata takarda. Shi bai san me ke faruwa ba. Karen ne ya gani. Ya gitta jikinsa a gaban maigidansa, ya kafe ƙafafu, na zo na faɗa a kansa gaba ɗaya. Hannuna biyu suka cika da gashinsa, fuskata a wuyansa. Ya yi wani ɗan nishi, amma bai motsa ba. Da ya kauce, da yanzu sadakar arba'in ɗina ma ta wuce.

"Wane ne? Lafiya?" in ji Fatawu, yana lalube.

"Ni ce. Kar ka gaya wa kowa."

"Hajiya? Kin ji ciwo?"

"Na ce kar ka gaya wa kowa."

Bai faɗa ba, ko Zalia bai gaya wa ba. Na koma gida na wanke hannu sau bakwai, na jiƙa atamfar a bokiti. Hannu ya wanku. Abin da ya tsaya mini a ƙirji bai wanku ba.

Ku gaya mini, ku masu ilimi. Mutum in ya cece ka, ka kai masa goro, ka je sunan ɗansa, ka tsaya a jana'izar uwarsa. Kare fa? Ina ake zuwa a gode wa kare? Kullum da la'asar Fatawu zai biyo daga aiki, ya cire wa Rufas abin wuyansa na aiki, karen ya kwanta a tabarma ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Duk wucewar da zan yi zuwa kicin sai ya ɗaga ido ya dube ni. Ba ya roƙo, ba ya komai. Kallon ne kawai, irin na wanda ya san abin da ke tsakaninmu.

Ita Zalia tun lokacin kaka ta fara gasa wa karen biskit da hannunta. In ta dawo daga aikin jinya ranar Lahadi, ko rigar aikin ba ta cirewa, sai ta dafa kabewa ta dama da niƙaƙƙiyar gyaɗa da ƙwai da wani gari, ta murza, ta yanka da wani ƙarfe mai siffar ƙashi, ta gasa a obin. Har da faranti na daban da cokali na daban ta saya, don kar in yi magana. Na yi duk da haka.

"Ni da na goya ki ban taɓa cin biskit ɗin hannunki ba."

"Kaka, ke da kike cewa girkina ba gishiri?"

"Ai shi ya sa kika samo wanda ba zai iya faɗa ba."

Wata ranar Litinin tana wurin aiki na buɗe gwangwanin na ɗauki ɗaya na gutsura. Kabewa ce da gyaɗa, ba haram a ciki. Jama'a, kamar ka tauna kwali. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba komai. Na tofar a shara, sai tausayi ya kama ni. Na ce yanzu wannan bawan Allah, yini guda yana jan mutum cikin sanyi, ya tare tsohuwa mai nauyin buhu biyu, ladansa ke nan? A wurina abincin da ba albasa ba abinci ba ne, horo ne. Shekara talatin ba wanda ya ci nawa ya tashi bai lashe yatsa ba.

Na sa hijabi na je wurin mahaucinmu na sayi hantar saniya mai kyau. Na yanka albasa manya guda huɗu, na soya su a hankali har suka yi ja suka narke. Na daka tafarnuwa kai guda. Na ƙara garin albasa na kwalba, cokali uku, don ya kama jiki. Barkono kaɗai na bari, na ce kar ya sa shi atishawa a gane. Na niƙa duka, na dunƙula kamar ƙosai, na jera a roba na tura can bayan firij, bayan kwanon man shanu.

Da la'asar, Fatawu ya tayar da salla a falo, Zalia ta shiga ɗaki yin tata. Na tsuguna a bakin kicin na ajiye dunƙule ɗaya a gefen tabarma. Karen ya dube shi, ya kau da kai. An koya masa kar ya ci abin hannun kowa. Na ce a hankali, "Kai ma girman kai gare ka? Ci, tsakanina da kai ne." Ranar bai ci ba. Washegari ya ci. Rana ta uku ya cinye biyar yana kaɗa wutsiya tana bugun bango, har na riƙe ta da ƙafa.

Kwana tara ina yi. Robar farko ta ƙare na soya ta biyu, na ma fi sa albasa don na ga yana so. Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin nan na ji daɗi. Ƙirjina ya yi sauƙi. A gaban mutane ina ce masa najasa, a lungu ina ce masa ɗan albarka.

Fatawu ya taɓa cewa, "Rufas na warin miyar Hajiya."

Na ce, "Duk wanda ya shigo gidan nan da warin miyata yake fita. Kai ma shinshina rigarka."

Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Ranar Alhamis karen ya hawo matakalar gidanmu yana haki, ya kwanta bai ko kalli kicin ba. Na ajiye masa, bai ɗaga kai ba. Na ce ƙila ya gaji da hanta, gobe in yi masa ƙoda. Juma'a Fatawu bai zo ba. Asabar da safe muna karyawa wayar Zalia ta yi ƙara, saƙon murya daga Adjara, yayar Fatawu, wadda take riƙe da shi tun rasuwar iyayensu. Zalia ta danna, ta ajiye a kan tebur tsakanin kofunan shayi.

"Zalia, ba sallama zan yi miki ba. Rufas ya faɗi jiya a tsakiyar titi, yana tsallakar da Fatawu. A tsakiyar titi, kina ji? Mota ta tsaya taku biyu da su. Fitsarinsa ja kamar zoɓo, dasashinsa fari fat. Muna asibitin dabbobi. Likita ta ce jininsa ne ke lalacewa, ta ce ga alama wani abu ya ci. Abincinsa na buhu shekara uku yake ci lafiya lau. Abu ɗaya ne sabo, biskit ɗinki. Kowa ya san abin da gidanku ke faɗa a kan karen nan. In ba kwa son ƙanena ku ce ba kwa so, ba sai kun kashe shi a titi ba. Ki kawo sauran biskit ɗin a gwada. Maganar kai goro ta wata mai zuwa kuma, na gaya wa kawunnanmu su dakata."

Zalia ba ta yi kuka nan take ba. Ta tashi ta je firij, ta cire wata farar takarda da ke manne a ƙofarsa da maganaɗisu mai siffar ayaba. Takardar nan ta fi wata huɗu a wurin. Kullum sai na buɗe firij sau ashirin, tana daidai hancina. Na ɗauka ta lokutan aikinta ce.

Ta zauna tana bin ta da yatsa.

"Ban sa komai ba. Wallahi ban sa komai ba. Kabewa, an ce babu laifi. Dankali dafaffe, babu laifi. Karas. Ayaba kaɗan. Tuffa in an cire 'ya'yan. Ƙwai dafaffe. Kaza ba ƙashi ba gishiri. Gyaɗar ma sai da na duba kwalbar sau uku, don akwai mai wani sukarin bogi da ke kashe su. Tawa gyaɗa ce zalla."

Na ce, "Takardar mene ce wannan?"

"Ta abin da kare ke ci da wanda ba ya ci. Fatawu ne ya sa na buga."

"Akwai abin da kare ba ya ci? A Kumasi har bola suke ci."

"Suna ci suna mutuwa, Kaka, ba mai tambaya ne kawai." Ta juya gefen da aka yi wa jan layi. "Ga su nan. Inabi, zabibi, cakulan, kofi, goro. Ƙashi dafaffe. Albasa. Tafarnuwa. Wanne na sa a ciki? Wanne?"

Kofin na hannuna. Na ajiye shi a hankali don kar ya yi ƙara.

"Albasa kuma? Albasar miya?"

"Ita ce ma babba. Ɗanya, soyayya, ta gari, duk ɗaya. Fasa musu jini take yi, kuma ba ta nunawa sai bayan kwanaki. Shi ya sa na sayi farantinsa daban."

Ashe ba don bakina ta sayi farantin ba.

Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ko cokalin miya na ɗauka ban sani ba? Kaka, kin taɓa ganin na haɗa cokali?"

Ga ƙofa a buɗe, ta buɗe mini da kanta. In na ce ƙila, shi ke nan. Kuskuren yarinya ne, a yi faɗa a huce, ko kar a huce. Ba wanda ya gan ni. Karen ba ya magana. Robar tana bayan man shanu, in zubar a bayi in wanke.

Na ce, "Ban lura ba."

Allah ya ji ni, haka na ce. Ta kwashe gwangwanin biskit ta sa a jaka, ta ɗora rigar sanyi a kan rigar barci, ta fita ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba.

Na zauna. Na wanke kofuna. Na sake wanke su. Na buɗe firij na fito da robar, saura dunƙule shida, man ya daskare a kansu fari. Na kai ta har bakin bayi. Sai na tuna likitar can tana neman abin da ba ta sani ba, tana gwada kabewa. Na tuna Fatawu a tsakiyar titi, riƙe da igiyar da ba mai ja, yana jin ƙarar birki bai san ta ina take zuwa ba. Sai na tuna Zalia, wadda za ta yi shekara hamsin tana tambayar kanta wane cokali ne.

Na ɗaure robar a leda biyu. Na sa baƙin hijabina na zuwa gaisuwar mutuwa. Na kira wani direba ɗan garinmu na ce ya kai ni inda aka kai karen Fatawu, don labari ya riga ya zaga ofishinsu.

Asibitin dabbobin ya fi wanda aka haifi Zalia tsafta. Wata Baturiya na rungume da mage a bargo, wani na riƙe da tsuntsu a keji. A can ƙarshen benci Fatawu na zaune da rigar jiya, ta yamutse, abin wuyan Rufas a kan cinyarsa yana shafa fatar. Adjara na gefensa, ta saka jakarta a kujerar da ke tsakaninsu da Zalia. Zalia na tsaye jikin bango.

Adjara ta gan ni ta ce, "Hajiya da kanta. An zo ganin ko aiki ya yi kyau?"

"Adjara," in ji Fatawu.

"Bar ni. Tsohuwa ce, na sani, ban zage ta ba."

Na ce, "Ina likitar?"

Zalia ta ce, "Kaka, me ya kawo ki? Wa ya kawo ki?"

"Kira mini likitar."

Ta fito, wata 'yar siririya mai tabarau, ba ta fi Zalia ba. Na kwance ledar na buɗe robar. Warin ya riga bakina. Fatawu ya ɗaga kai, hancinsa ya buɗe. Na ga lokacin da ya gane. Hannunsa ya tsaya a kan fatar.

Na ce, "Zalia, gaya mata da Turanci."

Zalia ta kafe robar da ido, kamar ba ta ji ni ba.

Fatawu ya ce, "Faɗi, Hajiya. Ni zan gaya mata."

Na so ƙasa ta tsage. Amma na faɗa, shi kuma yana juyawa, muryarsa a daidai kamar yana ba direba adireshi. Hanta ce. Albasa huɗu a tukunyar farko, shida a ta biyu. Tafarnuwa. Garin albasa. Biyar a rana, wani lokaci bakwai. Likitar ta yi tambaya, ya juyo gare ni.

"Ta ce kwana nawa."

"Tara."

"Ta ce yaushe ne na ƙarshe."

"Laraba. Alhamis na ba shi, bai ci ba."

Likitar ta karɓi robar, ta yi magana mai tsawo da sauri, ta koma ciki. Zalia ce ta fassara, ba ni take kallo ba, bango take kallo. Wai tun jiya likitar ta yi zargin albasa, ta tambaya sau biyu aka ce mata ko kusa. Yanzu ta san abin da take yaƙi da shi, za ta fasa wani maganin da ta so farawa. Za a ƙara masa jinin wani kare. In ya kai Talata, da sauran rai. Ko zai koma aiki, wannan ba ta sani ba. In bai koma ba, samun wani kare sai an jira, wata shida, shekara, ya danganta.

Adjara ta miƙe. "Kun ji ko? Da bakinta. Guba ta dafa masa."

"Ban san guba ba ce."

"Ke da kika ce najasa ne? Sai ga ki kina soya masa hanta? Wa zai yarda?"

Fatawu ya ce, "Ni na yarda. Zauna, Yaya."

"Ka yarda da me?"

"Na san dalilinta. Ba naki ba ne, ba na Zalia ba ne. Zauna."

Ko a nan bai tona ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya juyo da fuskarsa inda nake, ya ɗan kauce kaɗan, yana kallon kafaɗata. "Hajiya, da kin tambaye ni. Kalma ɗaya. Kullum ina falonki."

"Na ji kunya."

"Na sani. Kunyarki ta kusa sa mota ta bi ta kaina."

Magen Baturiyar ta yi kuka a cikin bargo.

Sai ya ce, "Zalia, kina nan?"

"Ina nan."

"Gidan da muka gani mai ɗaki biyu a hawa na ɗaya. Wanda muka ce ɗaya na Hajiya ne."

Na dubi Zalia. Ban taɓa jin wannan magana ba. Ashe duk zagin da nake yi, su suna can suna auna mini ɗaki, a hawa na ɗaya saboda gwiwata.

"Ba zan iya ba yanzu," in ji shi. "Ba fushi ba ne. Ko Rufas ne ko wani, kare zai kwana a gidana, kuma ni ba na ganin abin da ake ajiye masa a ƙasa. Sai na yarda da duk hannun da ke cikin gidan. In ban yarda ba, ba zan iya taka titi ba."

Zalia ta ce, "Ka san sharaɗina tun farko. Ba na barin ta ita kaɗai a hawa na biyar."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa a gabanta, ba a bayanta ba."

"To me kake so in yi?"

"Ban sani ba, Zalia."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Na san yarinyar nan, ni na yaye ta daga kukan uwa. Na san abin da za ta zaɓa, kuma na san yadda za ta bushe a gidana tana dafa mini shayi, tana shekara talatin, tana arba'in, ba za ta taɓa ce mini komai ba.

Na gyara hijabina, na nemo tsohuwar muryata ta kasuwa.

"Wa ya ce muku ina neman ɗaki? Ni Salima in kwana rufi ɗaya da kare? Kun tambaye ni kafin ku yanka mini? Ina da gidana, ina da ɗa a Ohio yana roƙona kullum in koma. Ke kuma kin ishe ni, shekara goma sha bakwai ina cin girkinki marar gishiri. Adjara, ki gaya wa kawunnanku ranar goro tana nan. In ba su zo ba ni zan zo in same su."

Ku da nake gaya wa gaskiya, ɗana bai kira ni ba tun babbar salla. Matarsa ba ta son warin daddawata. Kuma ba abin da nake tsoro a duniya kamar in faɗi a bayi a hawa na biyar, a yi kwana uku ba a sani ba.

Zalia ta sauke hannu ta dube ni. Ta san ƙarya nake yi. Ni ma na san ta sani. Na zare mata ido irin na lokacin da take ƙarama in ta tsaya gardama a gaban baƙi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta taka, ta ɗauke jakar Adjara daga kujerar ta miƙa mata, ta zauna kusa da Fatawu. Bai juyo ba, bai kuma matsa ba.

Na fita. Direban ya riga ya tafi. Na tsaya a bakin titi cikin sanyi, bas na zuwa suna wucewa da rubutu a goshinsu, ina jiran wani mai kama da mutanenmu ya zo in tambaye shi wacce ce ke zuwa Highbridge.